Gefen Direba

Da Dakta ya cika shekara hamsin bai tsayar da gemu ba, bai kuma shiga siyasa ba. Mota ya saya. Ja ce, irin ta tsere, ƙofa biyu kujera biyu, gajeriya har sai mutum ya durƙusa kamar mai neman afuwa kafin ya shiga. Likitan haƙori ne. Ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana cewa mutane su buɗe baki, sai ya ga lokaci ya yi da za su riƙa buɗewa da kansu in ya wuce.

Matarsa shugabar makarantar sakandare ce, wadda in ta yi gyaran murya ɗalibai da malamai ke neman wurin ɓuya. Sau ɗaya ta shiga motar. Shokozoban da ke shanye girgizar hanya duk sun mutu, kowane rami sai da ya gaisa da ƙashin bayanta. Kwanakin da suka biyo baya a tsaye ta riƙa sa hannu a takardun ofis.

"Dakta," ta ce. In ta kira shi Dakta maimakon Baban yara, to a shirya. "Ka gyara ƙafafun abin nan. Zan sake shiga sau ɗaya tak. In bayana ya ce uffan, a sayar da ita a sayo motar mutane."

Washegari ya nufi garejin Ba-Matsala, bakaniken da ya samo sunansa daga amsar da yake ba kowace tambaya, har da tambayar ko birki ya tsinke. Ba-Matsala ya share teburin ƙarfe da hannun riga, ya jera masa kaya iri biyu. Kowanne shokozoba ne mai sifirin naɗe a jikinsa, da wani zobe da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta.

"Waɗannan koraye su ne na talaka," in ji Ba-Matsala. "Suna riƙe mota, ba ruwansu da wanda ke cikinta. Waɗannan masu ruwan zinariya kuwa, yallaɓai, ga ɗan maɓalli a kansu. Ka murza dama su yi tauri, ka murza hagu ka ji kamar a cinyar mahaifiyarka kake."

Dakta ya tambayi kuɗin masu ruwan zinariya. Da aka faɗa masa sai ya nemi kujera. Ya lissafa bakunan da zai leƙa kafin ya haɗa wannan kuɗi, ya ga sai ya haɗa da na jarirai.

Ya yi mako yana karance-karance a waya tsakanin majinyaci da majinyaci. Masana suka rabu gida biyu. Wasu suka ce mai sayen na araha bai san darajar ransa ba. Wasu suka ce mai sayen na tsada bai san darajar guminsa ba. Dakta ya yarda da kowane ɓangare, gwargwadon wanda ya karanta a ƙarshe. Har wani tsoho da ya zo cire haƙori ya tambaya, amma auduga ta cika wa tsohon baki, amsar ba ta fito ba.

Da ya koma gareji, Ba-Matsala ya ja shi bayan shago ya rage murya.

"Akwai wata hanya. An kawo irin motarka, babbar mota ta goge mata gefe guda. Na gefen can sun tafi, amma biyu sun tsira, masu ruwan zinariya, lafiya lau. Na gaba ɗaya, na baya ɗaya. Sai mu cike da koraye biyu."

"To a sa masu kyau a gaba, koraye a baya."

"Ai na gaba ba ya shiga baya, yallaɓai. Dole gefe guda za su zauna. Ko hagu ko dama, duk za su shiga."

"Ba matsala a yi haka?"

"Ba matsala."

Dakta ya tsaya yana kallon kujeru biyun. Mutum ne mai ilimi, saboda haka bai ce son kai zai yi ba. Dalilai ya nemo. Direba ne ke riƙe da rayuka. In direba ya girgiza, sitiyari ya girgiza. In sitiyari ya girgiza, wa zai fi shan wahala in ba fasinja ba? Ashe dai don Maman yara zai yi. Har ya ji ƙwalla ta taru masa saboda irin sadaukarwarsa.

"Gefen direba," ya ce.

Ba-Matsala ya murza zobba har motar ta daidaita, ba mai cewa wani gefe ya fi wani gata.

Ranar gwaji matar ta fito da ɗan matashin kai, ta durƙusa ta shiga. Ita ta zaɓi hanya: titin bayan makarantarta, wanda ramukansa suka girmi wasu malaman. Rami na farko, Dakta ya ji kamar an shafa masa baya. Matarsa kuwa kanta ya taɓa rufi.

"Ka ji wannan?"

"Wanne?" in ji Dakta, da zuciya ɗaya, don bai ji ba.

Rami na biyu, tabaraunta ya sauko kan haɓa. Na uku, jakarta ta buɗe, alƙaluma suka watse. Ta juyo ta dube shi. Tumbinsa, da ke rawa ko dariya ya yi, yana kwance lafiya kamar an lallashe shi. Ita ko ga ta tana tsalle kamar hatsi a faranti. Sai ta ji wani abu a kan harshenta, ta tofa a tafin hannu. Cikon haƙorin da shi da kansa ya yi mata ne.

"Tsaya."

"Maman yara, wataƙila zaman ne ba ki iya ba. Irin wannan mota sai an saki jiki..."

"Dakta. Sauko."

Suka yi musayar kujera. Ta gyara madubi, ta juya motar, ta koma kan ramukan nan dai. A na farko ta ɗaga gira. A na biyu ta yi murmushin da ɗalibanta suka fi tsoro fiye da bulala.

"Yaya ka ji?"

"La-la-lafiya lau," in ji Dakta, haƙoransa na haɗuwa.

"Madalla. Bari mu sake."

Ta kai ƙarshen titi ta juyo. Ta sake kaiwa ta sake juyowa. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa, ga jar mota tana kai da komo, mace na tuƙi cikin natsuwa, wani dattijo a gefenta yana sama yana ƙasa yana riƙe da muƙamuƙi. Bakinsu a buɗe kuwa, yadda Dakta ya daɗe yana buri.

Bai san ko a zagaye na nawa ba ne ya fasa ƙwai. Ya faɗi koraye, ya faɗi masu ruwan zinariya, ya faɗi babbar motar da ta goge gefe. Da ya fara bayanin cewa direba ne ke riƙe da rayuka, ta taka wani rami da gangan, bayanin ya katse.

Ta tsaya a ƙofar gida ta kashe mota. Dakta ya jira hukunci, yana shafa jan fentin ƙofa kamar mai ban kwana.

"Ba za a sayar ba," ta ce.

Ya ɗago kai.

"Na ce in bayana ya yi ƙorafi a sayar. To a nan kujerar bai ce komai ba." Ta zare makulli ta jefa a jaka. "Kuma na yarda da kai, direba ne ke riƙe da rayuka. Gobe ni zan sauke ka a asibiti. Ka tanadi kayan ciko, ni ce majinyaciyar farko."

Ta miƙa masa matashin kan nan ta shige gida.

Da yamma ya kira Ba-Matsala a ɓoye, ya tambaya ko za a iya mayar da masu ruwan zinariya gefen fasinja.

"Ba matsala, yallaɓai," in ji bakaniken. "Kawo motar kawai."

Dakta ya dubi jakar da ke rataye a kafaɗar matarsa, ya kashe wayar.