Littattafan da Malam Junaidu Ya Bari a Adaka

Shekara bakwai Malam Junaidu ya yi a ƙasar Sin yana koyar da Hausa. Da ya dawo ƙauyensu na gefen Gandi, mutane sun zaci zai buɗe shago ko ya nemi kujerar kansila. Bai yi ko ɗaya ba. Littattafan rubutu ya saya a kasuwa, irin masu shafi tamanin, ya shige ɗaki.

Abin da yake rubutawa rayuwar wani tsohon marubucin Sin ce, wanda ya rasu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wani abokin aikinsa ne ya fara ba shi labarin mutumin: ɗan babban gida ne, ya zauna jarrabawar shiga aikin hukuma sau da dama yana faɗuwa, gidansu ya karye, ya koma ƙauye yana rubuta labari mai tsawo a kan mutanen da ya sani tun suna da hali har suka rasa. Junaidu ya ziyarci garin mutumin, ya yi tambayoyi, ya tara bayanai. Burinsa Bahaushe ya karanta rayuwar nan da harshensa. Cikin shekara goma sha ɗaya ya cika littafi tara.

A shekara ta ƙarshe idonsa ya fara dushewa. Likita a Sakkwato ya gaya masa jijiyar ido ce ke mutuwa, magani zai jinkirta abin ne kawai. Wata biyu bayan haka, da la'asar, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen. Shi da matarsa Ikilima suka fita ta bayan gida, suka bi gonakin dawa, ko takalmi babu a ƙafarsa. Littattafan suna cikin adakar ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Wurno suka sauka, gidan Maccido, yayan Ikilima, manomin albasa. Tun daga ranar Junaidu bai da wata magana sai ta adaka. Damina ta kankama, kuma an ce an ƙone rufin gidaje da yawa. Duk sanda hadari ya haɗu sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, yana kallon sama da idon da ba ya gani sosai. Ya je Rabah sau biyu yana neman mai mota ko mai babur da zai kai shi. Duk wanda ya ji sunan ƙauyen sai ya girgiza kai. Wani ma ya tambaye shi ko zinariya ya binne, da ya ce takardu ne, mutumin ya juya ya ci gaba da wanke babur ɗinsa.

Ikilima ta yi ta roƙonsa ya haƙura, ta ce waɗanda suka binne 'ya'yansu bayan harin ma sun haƙura. Ya ce ya sani, kuma yana jin kunyar hakan, amma ya kasa. Ya daina cin abinci sosai. Wata safiya ya sami Maccido yana ɗaure buhuna a ƙofar gida, ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, ka kai ni ko bakin gari na. In idona ya ƙare kahin in ɗauko su, babu mai iya haɗa su sai ni."

Maccido ya ɗaga shi da sauri, don bai taɓa ganin malamin a ƙasa ba. "Tashi, Malam. Mi kaka so in ce ma ƙanwata in wani abu ya same ka?"

Washegari da hantsi Maccido ya tada babur, ya goya Junaidu.

Ƙauyen shiru, ciyawa ta rufe hanyar masallaci. Ɗakin Junaidu babu rufi. An ja adakar zuwa tsakar ɗaki, an ɓalle kwadon, an bar ta a buɗe, ruwa ya kwanta a ciki. Junaidu ya zura hannu ya taɓa. Littafi biyar ya samu, uku sun manne sun zama dunƙule ɗaya, tawada ta bi ruwa. Ya shiga lalube a kusurwoyi yana tona toka da yatsu, yana neman sauran huɗun, Maccido yana ta leƙa waje yana cewa su tafi. Da ƙyar Maccido ya ja shi.

A Wurno Ikilima ta shanya littattafan a tabarma, tana raba shafi da shafi da bakin wuƙa. Biyu suka tsira. Sai ga labari daga wani ɗan ƙauyensu cewa Laraba, maƙwabciyarsu, ta koma kwasar hatsi kwana kaɗan bayan harin, kuma an gan ta da littattafai. Tana Goronyo, wajen da 'yan gudun hijira suka yi bukkoki. Junaidu bai jira rakiya ba, ya hau mota ranar kasuwa.

Ya same ta tana dama kunu, jikokinta huɗu kewaye da ita. Ta gane shi, ta yi masa sannu da zuwa, ta ce ƙwarai ita ta ɗauko su, huɗu ne, don ta adana masa. To amma an yi mako ana ruwa, itace duk ya jiƙe, yara suna kukan yunwa. Ta riƙa cire shafi ɗaya-ɗaya tana hura wuta. Ta duba ta ga rubutun boko ne, ba ta ga sunan Allah ba. Ta shiga bukka ta fito da rabin littafi.

"Wanga yar rage, Malam. Ka yahe min."

Ya karɓa. Ya ce ya yafe, ya tambaye ta ko yaran sun samu lafiya.

A cikin mota ya buɗe rabin littafin ya kawo shi dab da fuskarsa. Layuka yake gani baƙaƙe, bai iya raba harafi da harafi ba. Ya rufe.

Kwana uku bai fita ba. A na huɗu Ikilima ta shigo da takarda da alƙalami ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Ba ta yi boko ba, amma mahaifinta ya koya mata ajami. Ta ce ya faɗi abin da ya tuna. Ya ce ya manta shekarun, ya manta sunayen garuruwa, bayanan duk sun tafi. Ta ce ya fara da abin da bai manta ba.

Kafin a yanke gero ganinsa ya ɗauke gaba ɗaya. Zuwa lokacin sun cika shafi talatin da ɗaya, kuma sau da yawa yakan tsaya a tsakiyar zance ya ce ba haka ya rubuta shi da farko ba, ya yi ta laluben kalmomin a ransa har ta ajiye alƙalamin ta tashi ɗora tukunya.