Layin Albashin da Na Goge

Kusan shekara huɗu ina fitar da wasiƙar mako-mako ga masu rubuta manhajar kwamfuta, kowace Talata da safe, ko da lafiya ko babu. Mutum dubu shida ke karɓarta ta imel. A ƙasanta akwai allon guraben aiki, inda kamfanoni za su biya su saka talla, kuɗin tallar ya riƙe wasiƙar, wasiƙar ta riƙe ni. Haka dai na tsara a takarda. A zahiri masu karatuna suna ƙaunata sosai, irin ƙaunar da ba ta kaiwa ga aljihu. In na makara da awa ɗaya, mutum arba'in za su rubuto suna tambaya ko lafiya. Da na buɗe hanyar tallafi, mutum tara suka shiga, cikinsu har da surukina, wanda bai san me ake nufi da manhaja ba.

Ofishina kusurwar falo ce, tsakanin firiji da taga. Ƙafar teburin ɗaya ta gaza, na tokare ta da wani tsohon littafin koyon manhaja mai shafi ɗari takwas, kuma wannan ne amfani mafi girma da littafin ya taɓa yi mini. Matata, malamar asibiti ce, ita ta raɗa mini suna Edita. Wata safiya tana ɗaura agogo za ta fita aiki ta ce, "Edita, fitowa ta ɗari biyu saura wata uku. In zuwa lokacin wasiƙar nan ba ta ci da kanta ba, ka duba allon naka ka zaɓi aiki ɗaya. Ai duk suna hannunka." Na yi mata alkawari, don na san ta yi haƙuri.

Allona yana da doka ɗaya da nake tinƙaho da ita: duk tallar da ba ta faɗi albashi ba, ba ta shiga. Kamfani ya rubuto "albashi mai tsoka", in mayar masa da abinsa in ce a auna mana tsokar. Na rubuta sharhi a kan wannan ya fi sau goma, masu karatu na tafa mini. Kamfanoni kuwa suka riƙa bin wata hanyar.

Ana cikin haka kamfanin da ƙanwata ke aiki ya neme ni. Ƙanwata ta fi ni hannu a sana'ar nan nesa ba kusa ba, ko da yake ni na fara nuna mata inda ake kunna kwamfuta, kuma ba na barin ta manta. Ita ta gina mini rabin allon kyauta a ranakun hutunta. Manajansu ya kira ni ofis, ɗaki mai sanyi da kujerar da ke nutsewa da mutum, ya ce suna son tallar shekara guda cur. Da ya faɗi abin da za su biya, sai da na gyara zama. Ya isa ya riƙe wasiƙar, har a sayi tebur mai ƙafa huɗu.

Tallar farko ta iso ranar Litinin. Suna neman mai kula da rumbun bayanai, daidai aikin da ƙanwata take yi musu shekara biyar. Na duba layin albashi. Ninki biyu ne na abin da suke ba ta. Na san albashinta sarai, ni ta fara faɗa wa ranar da aka ɗauke ta, tana murna. Na saka tallar a allo, na tashi na haɗa shayi. Kafin ya huce waya ta yi ƙara.

"Edita," in ji Manaja, "akwai ɗan kuskure. Wancan layin na albashi, a cire mana shi."

"Ranka ya daɗe, ai dokar allon ke nan."

"Na sani, kuma ina girmama ta ƙwarai. Amma ma'aikatanmu suna karanta wasiƙarka. Ka san mutane, abu kaɗan sai ya zama surutu. Layi ɗaya ne fa. In kuma zai takura ka, ba komai, sai mu dakata da maganar shekarar."

Da ma a ce na yi dogon tunani. Minti huɗu na yi. Na kalli teburin, na kalli kalandar da matata ta zagaye wata Talata da jan biro. Na gaya wa kaina cewa ƙanwata ba yarinya ba ce, kuma ba a kanta aka fara ƙwarar albashi ba. Na goge lambar, na rubuta "albashi mai tsoka" da hannuna.

Sai da na rufe kwamfutar na tuna da kundin canje-canje. Allona yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi wa talla: abin da aka cire ya fito da ja, abin da aka ƙara ya fito da kore, kowa na iya dubawa. Ni na nace a yi haka, har na rubuta sharhi mai taken gaskiya ba ta tsoron haske. Mutanen kirki ba sa leƙa irin wannan kundi. Masu rubuta manhaja kuwa shi suke fara buɗewa kafin su karanta tallar kanta. Na koma da gudu na yi ƙoƙarin share tarihin. Ya ƙi. Na sake ta wata hanya, ya ƙi. Na gwada ta uku, allon ya ce mini a'a cikin ladabi.

Kafin la'asar hoton jan layin ya zagaye duk zaurukan hirarmu na intanet. Na zauna ina jiran zagi. Saƙon farko da ya shigo cewa ya yi, "Edita, kai gwani ne! An matsa maka ka cire, ka cire, ka bar musu shi a inda kowa zai gani." Na biyu ya ce bai taɓa ganin dabara irin wannan ba. Wani ya rubuta dogon bayani yana koya wa matasa yadda na yi wa kamfani biyayya kuma na tona shi a lokaci guda. Ni da kaina na karanta na ƙaru.

Manaja ya kira washegari, ba Edita a bakinsa wannan karon. Ya soke tallar shekara, ya ƙara da wasu kalmomi da ba na sakawa a wasiƙa. Amma a makon nan mutum ɗari huɗu da 'yan kai suka shiga tallafin wata-wata. Wasu kamfanoni uku suka aiko talla da albashi a rubuce ɓaro-ɓaro, don su ma a gan su cikin masu gaskiya. Abin da shekara huɗu na aiki tuƙuru ba su kawo ba, minti huɗu na rashin kunya suka kawo shi. Matata ta goge jan zagayen kalanda, ta ce ashe mijinta jarumi ne ba ta sani ba. Na ce ai mutum ba ya faɗin komai. A fitowa ta gaba na gode wa jama'a, ban ce na yi da gangan ba, ban kuma ce ban yi ba.

Ƙanwata ce kaɗai ba ta neme ni ba. A bakin mahaifiyarmu na ji cewa ta shiga ofishin Manaja da hoton jan layin a wayarta, ta fito da sabon albashi. Na ji daɗi har raina, na kuma ji tsoron haɗuwarmu.

Ranar Asabar da hantsi ta zo. Ta gaida matata, ta ajiye wa yara abin da ta kawo musu, ta zagayo kusurwata. Ta shafa sabon teburin.

"Yaya, an yi tebur. Allah ya sanya alheri."

"Amin. Na ji labarin ƙarin da aka yi miki. Kin ga amfanin allon yayanki."

"Na gani." Ta ja kujera ta zauna. "Ka tuna lokacin da ka ce in gina kundin nan yadda ko kai ba za ka iya share shi ba?"

"Na tuna mana."

"To, na ƙara wani abu da ban gaya maka ba, don ban zaci zai yi amfani ba. Duk wanda ya yi ƙoƙarin sharewa, saƙo na zuwa wayata, da sunansa da lokaci."

Firiji ya ci gaba da gurnaninsa. Daga kicin matata tana tambaya ko a kawo mana shayi.

"Ba zan gaya wa kowa ba," in ji ta. "Wasiƙar tana da amfani, mutane na samun aiki. Ni ma na shiga tallafin jiya, ka duba za ka ga sunana." Ta miƙe ta rataya jakarta. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ka san nawa suke ba ni. Da ka ga lambar nan, ko kirana ba ka yi ba."

Na buɗe baki in ce raina ne ya ɓaci, in ce na rikice, in ce sau ɗaya ne kawai. Ta riga ni.

"Sau uku ka gwada, Yaya."