Kabarin da ke kan tudu

Da hantsi jiniya ta sake tashi, Laftanar Pyo Gi-tae ya ture kwanon shinkafarsa ya juya ga allo. Ɗigo ɗaya ja ya taso daga arewa, makami mai linzami ne, ya haye sama yana neman wurin sauka.

Yaƙin bai yi nisa ba, amma makaman tarewa sun kusa ƙarewa. Shi ya sa aka kafa doka: wanda ya nufi tashar jiragen ruwa a tare shi, wanda zai faɗa fili a ƙyale shi.

Na'ura ta yi lissafinta, ta zana da'ira a kan wani tudu bayan gari.

"Fili ne," in ji Manjo Bang, kwamandarsu. "Su yi ta ɓarin kuɗinsu a kan duwatsu. A ƙyale shi."

Gi-tae ya ƙura wa da'irar ido. A taswira fili ne, amma a can kabarin kakansa yake. Bikin girbi ya gabato, kuma duk gidan mutunci sai sun aske ciyawar kabarin magabata kafin ranar. Aikin babban ɗa ne, wato Gi-tae. Da yake shi yana bakin aiki, tsohonsa ya ce yau zai hau da kansa, ko ana yaƙi ko ba a yi. Mutum ne da in ya kafe, ko tanka ba ta ture shi.

"Ranki ya daɗe, akwai mutum a wurin. Mahaifina."

Manjo ta dube shi. Ba muguwa ba ce, sai dai bayanta akwai tasha cike da masu jiran jirgin gudun hijira.

"Ka tabbata yana can?"

"Na san halinsa."

"In na ba ka makaman tarewa biyu, da me zan tare na gaba? Ɗauke hannunka, Pyo."

Ya ɗauke. Tsoro ya kama shi. A ransa yake ta roƙon ɗigon nan kamar mai ji: ka kauce, ko ina ne ka tafi, ban da can.

Sai ɗigon ya karkace. Irin masu sauya hanya ne bayan sun sauko ƙasa-ƙasa. Da'irar ta bar tudun, ta zame zuwa bakin teku. Wani daɗi ya ratsa Gi-tae tun kafin ya gane inda ta tsaya.

"Tasha! Harba!" in ji Manjo.

Ya harba biyu. Sun makara, suka wuce ta bayansa. Ƙarar fashewar makamin a tasha ta iske su ta ƙasa, ruwan kofi ya girgiza.

Can Manjo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Babanka ya tsira."

"Eh, ranki ya daɗe."

Ta ɗauki waya ta kira tasha. Suna ji tana ta ringi, babu mai ɗauka, shi kuwa daɗin nan har yanzu bai bar ƙirjinsa ba.