Shaddar da Ta Zo a Kwali

...kuma ba wanda ya kore ta, ai abin ke nan. Da korarta aka yi, da ta san inda za ta kai kukanta. Gaji dillaliya tana zaune a tsakar gidan Hajiya Saratou, ƙunshin kayanta a gefe, ko kwance shi ba ta yi ba. An shimfiɗa mata tabarma, an kawo ruwa. Wai bikin Mariyama, autar Hajiya, saura wata guda. Wata guda — sai yau take ji?

Shekara ashirin da... da nawa ma? Tun Mariyaman nan tana goye. A gidan nan in aure ya taso ita ake fara kira, dangi ma ba su ji ba. A turo ƙofa, a baje atamfa kan gado, a yi ta ciniki ana dariya har la'asar. Wannan ya yi wa amarya duhu, Gaji. A'a Hajiya, fito da shi rana ki gani... Ta je garin Bande ran kasuwa. Ta je garin Waca a bayan mota, kaji a kan ƙafarta. Kano ta je ta dawo da kumburin gwiwa, duk don yayyen yarinyar nan su fita kunya.

Yanzu ga kwalaye uku jingine da bango. Da safe aka ɗauko su daga tasha. Ta wayar salula aka saya, in ji Mariyama. Kanti ne wai, ya ninka kasuwar Magaria sau dubu, amma ba ƙofa, ba mai kanti, ba mai ce maka ina gajiya. To wa ake yi wa sallama? In zane ya zuba, fuskar wa za a je a duba?

Inuwa mai takalma tun bara ya rufe rumfa, kabu-kabu yake yi, da furfurarsa. Lokacin Gaji ta ce ita nata daban ne, ita har ƙuryar ɗaki take shiga...

"Inna Gaji, don Allah taɓa mana wannan. Ke kika san shadda."

Mariyama ce, a durƙushe, tana miƙo mata. Hajiya ta kau da kai, tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Allah ya sa ta banza ce. Astagfirullah — kayan auren yarinya? Amma dai... Tana murza bakin shaddar, tana kai ta hanci, tana ɗaga ta sama. Sitaci ne, wanki ɗaya zai tona ta, su aiko a kira Gaji. Ta sake murzawa. Ba sitaci ba ne. Zare ne, mai kyau. Ta fi wadda ke cikin ƙunshinta, kuma wai a rabin kuɗi.

Kalma ɗaya ce fa. In ta ce jabu ce sun yarda, ba su taɓa musa mata a kan zane ba. Ba ta taɓa yi wa gidan nan ƙarya ba... abin da ya rage mata ke nan, shi ɗin ma yau kyauta ake so.

"Inna?"

Yarinyar tana kallon bakinta, ido cike da murna. Gaji tana shafa shaddar, tana ta shafawa, hannun ya ƙi ɗagawa. Wannan laushi... Ita ma da tana da 'yar aurarwa — wannan za ta saya.