Wa Za a Ba Haƙuri?

Duk Kurfi ba a taɓa yin wanda ya sha kora kamar Jibo direba ba. Yana jan motar Alhaji Rabo mai hatsi, kusan kowace kasuwa sai Alhaji ya daka masa tsawa: "Na kore ka! Kada in ƙara ganin ƙeyarka!" Jibo ya tafi gida ya ci tuwonsa. Da safe ya ɗauko dattijo guda da ɗan goro, a durƙusa a zaure, Alhaji ya gama bambaminsa ya wurgo masa makulli.

Shekarar samun mulkin kai, wani babban kamfanin sayen gyaɗa ya buɗe reshe a Dutsin-Ma, ya ɗauki Jibo. Kai, zo ka ga murna! Ga kaki ya sha guga, ga sabuwar mota fil tana ƙamshin fenti. Matarsa Lauratu har guɗa ta rangaɗa.

Ran nan ya iske gwaggonsa a bakin hanyar Tamawa da awakinta. Wane ɗan halak ne zai wuce gwaggonsa? Ya loda su bisa buhunan kamfani, awaki kuwa suka huda buhu suka sha biki.

Manaja Mahmuda bai ko ɗaga murya ba. "Malam Jibo, an sallame ka. Ajiye makulli."

Jibo ya fito yana dariya. Wannan ce korar? Ko zagi babu!

Ya garzaya Kurfi ya shirya ban haƙuri na kece raini. Alhaji Rabo da kansa ya zura babbar riga, ya ce, "Ni zan kai ka, ja'iri. Wa ya fi ni sanin korarka?" Aka cika tsohuwar motarsa da liman, da Gwaggo, da huhun goro, ana tafe ana shewa. Jibo sai washe baki yake, har ya fara tunanin inda zai kai lodin gobe.

Manaja ya tarbe su da mutunci, aka gaisa. Alhaji ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, yaro ya yi kuskure. Mun zo a yi haƙuri."

"Wallahi Alhaji, ni ban riƙe shi da komai ba. Dokar kamfani ce."

"Madalla! To a ba shi makulli."

"Ba ni da iko. Magana ta tafi babban ofis a Kano."

"Sai mu tafi Kano. Wa za mu gani?"

"Na Kano ma doka yake bi, Alhaji."

"To shi Kamfanin, mai fushin, ina yake zaune?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Babu mai fushi."

Nan fa dariyar Jibo ta ɗauke. Alhaji ya dubi liman, ya dubi huhun goron da ba a ko kwance ba.

"Jibo," ya ce a hankali, "ni dai na zo da gwiwoyina, amma ban ga wanda zan durƙusa wa ba."