Jirgin da Ke Shan Hira

Tun ranar Larabar da aka binne matata Kulu ban ƙara zuwa ko'ina ba, sai daren jiya da na yi wani mafarki, ya kai ni filin jirgin sama na Ringim. Rumfar kwano ce da benci ɗaya. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi, kowa ya juya lemarsa yana kare takalmi.

Wani bunsuru mai tabarau ne ke ba da tikiti. Na ce Kazaure za ni, na tambaye shi nisan wurin da kuma awa nawa ake yi a sama.

"Ya danganta da wanda ka zauna kusa da shi," in ji shi. "Jirginmu ba ya shan mai, hira yake sha. Shekaranjiya wa da ƙane masu gaba da juna suka hau, ko katanga ba su tsallake ba. Wasu mata kuwa 'yan biki sun tashi tun bara, har yau ba su sauko ba."

Na ce na karanta littattafai da yawa, ban ga wannan lissafi ba. Ya ce shi ma ya ci littattafai da yawa, bai ga abin da suka ƙara masa ba.

Sai ga ni a cikin jirgin. Babu kujeru, tabarmi aka shimfiɗa. Kulu na zaune a bakin taga tana tsinke zogale a faranti.

"Malam, ka rame," ta ce. "Wa ke ba ka abinci?"

"Masu ta'aziyya. Tausayinsu ya ƙare tare da shinkafar."

Ta yi dariya, jirgi ya ɗaga. Ta shiga ba ni labarin kazar maƙwabta da ke ƙwai a kicin ɗinmu, da telan da ya mayar mata da riga buhu. Muka haura gajimare, muka iske shanu suna kiwo a kansa.

Direbar jirgin, wata zabuwa, ta leƙo ta bayan labule.

"Hajiya a Kazaure za ta sauka, kuma ba ta dawowa. Hirarta ta kusa ƙarewa. Malam, in kana so a daɗe a sama, sai ka sa baki."

Kulu ta yi shiru tana dubana. Hancin jirgi ya sunkuya. Na yi maza na kawo tarihin kafuwar Kazaure, na bi da sunayen duwatsunta.

"Wannan man an sirka shi da ruwa," in ji zabuwa.

"Ƙyale shi, baiwar Allah," Kulu ta ce. "Haka muka zauna. Ina zuba, shi yana bayan littafi. Da bangon ɗaki na fi sabawa."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta miƙo hannu ta gyara mini wuyan riga.

Rufin gidaje ya fara matsowa, har ina hango tumatir da aka shanya. Akwai magana ɗaya a bakina, na san za ta riƙe mu a sama har damina ta zagayo. Na ja numfashi. Jirgin ya yi wata ƙara mai toshe kunne.

Injin niƙan maƙwabcina Ɗanjummai ne, mutumin da ba ya jiran gari ya gama wayewa. Na farka baki a buɗe, maganar na nan inda na baro ta.

Kulu, duk lokacin da kike hira ina riƙe da littafi, ban taɓa juya shafi ba.