Gudumar Maƙeri

Ni mai aski ne, amma duk layinmu Maƙeri ake kirana. Wata tsohuwa ta taɓa kawo mini wuƙa in gyara mata ƙota, na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Sunan daga gem ya fito, wani wasan faɗa da muke bugawa ranar Lahadi da yamma a ɗakin bayan shagon Injiniya mai gyaran waya. Ɗakin ba taga, sai fanka mai ƙara, da talabijin a kan mataccen firji, da bencin da kowa ya san inda ƙusarsa take. A wasan kowa yana zaɓar mayaƙinsa. Ni tun ranar farko na ɗauki wani ƙato mai guduma da ake kira Maƙeri, don kawai ya yi kama da kawuna, ban kuma sake shi ba.

Na yi shekaru ina cin mutane da shi, amma ban taɓa tashi daga bencin nan da farin ciki cikakke ba. Dalili kuwa bakin Tela, yayan matata. Duk lokacin da na kayar da shi sai ya ajiye fad, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, ya ce ai ba ni na ci shi ba, kamfani ne ya ci shi. A cewarsa masu wasan barci suke yi ranar da suka ƙirƙiri Maƙeri, don guduma ɗaya tana kwashe rabin jinin mutum, ko akuya aka ba ta fad za ta yi suna. Malam, wanda ke koyar da lissafi, sai ya buɗe waya ya karanto mana ra'ayoyin 'yan wasa daga dandalin intanet, ya ce ga shi duniya ta yarda. Injiniya ba ruwansa, shi dai kada a zubar masa da shayi a kan wayoyin mutane.

Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne yadda gudumar take sauka. Ba dannawa kawai ake yi ba. Sai ka bari abokin faɗa ya ɗaga ƙafa, kafaɗar Maƙeri ta ɗan karkata, a daidai nan za ka danna. Ka yi sauri ya daki iska, ka yi jinkiri a dake ka. Na koyi wannan a shagona, a kan tsohuwar na'urar gem ɗina, tsakanin kai da kai, gashin mutane yana manne a yatsuna. Abu ɗaya nake so a ɗakin nan, kuma zan faɗe shi ba kunya: ina so Tela ya buɗe bakinsa sau ɗaya ya ce na iya.

Wata Lahadi ya ce in na isa in sauya mayaƙi. Na ɗauki wata yarinya mai wuƙaƙe biyu da kowa ke yabon saurinta. Idona yana kallonta, amma babban yatsana Maƙeri yake bugawa. Duk abin da na danna sai ta durƙusa ta miƙe, ta sake durƙusawa, kamar mai neman ɗan kunne a ƙasa. Malam ya yi dariya har da tari. Tela kuwa bai yi dariya ba, ya dai buɗe hannu ya dubi kowa, ya ce shi ba zai ƙara komai ba.

Ranar suka kafa doka, an hana ɗaukar Maƙeri a ɗakin Injiniya har sai kamfani ya gyara shi. Na koma ɗan kallo. Kuma ba damar in daina zuwa, don Lahadin da na zauna a gida matata ta tsare ni da tambayar ko mun samu saɓani da Yaya, har ta ɗauki waya za ta kira shi. Haka na riƙa zuwa ina zama a ƙarshen benci, gefen ƙusar, ina jin ana gardamar wanda ya fi wani tsalle da wanda aka zalunta. Raina yana ɓaci, ina murmushi saboda surukuta.

Har ni ma na shiga dandalin nan na rubuta wa kamfani roƙo. Na ce don Allah su rage wa Maƙeri ƙarfi, su mayar da gudumar ta roba in sun ga dama. Wasu suka ɗauka wanda ya sha duka ne ke kuka, suka yi ta ba ni haƙuri. Ni kuwa lissafina a fili yake: in aka rage ƙarfin na kuma ci Tela, ba sauran inda zai ɓuya.

Gyaran ya zo bayan wasu watanni. Injiniya ya haɗa na'urarsa da intanet ta sabunta kanta, Malam ya miƙe tsaye yana karanta sanarwar kamar mai shela. An rage ɓarnar guduma. An kuma ƙara mata ɗan jinkiri kafin ta sauka, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Ni na farkon kawai na ji. Na karɓi fad da murna, na ce wa Yaya ya matso.

Ya ɗaga ƙafa, kafaɗar Maƙeri ta karkata, na danna. Gudumar tana sama tukuna duka ya shige ni. Na ce kuskure ne. Ya sake ɗaga ƙafa, na sake dannawa a inda na saba, ya sake shiga. A zagaye na biyu na gane abin da ke faruwa sarai, na ce wa kaina jira kaɗan, ko ka fara da wuri, ka dai sauya wani abu. Kaina ya ji, yatsan bai ji ba. Yana ganin kafaɗar nan sai ya sauka da kansa, kamar yadda hannuna ke kai wa almakashi ba tare da na duba ba. Tela ya ci ni, Malam ya ci ni, har Injiniya da ke bugawa da waya a kunne ya ci ni.

Da sun yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Tela ya zuba mini shayi da hannunsa, ya dafa kafaɗata.

"Ba komai, ƙanina," in ji shi. "Yanzu ne za ka fara koyon wasan."

Na buɗe baki zan ce ba ƙarfin ba ne, lokacin saukar gudumar suka taɓa, sun ɓata abin da ya sa wasan ya zama wasa. Sai na ji yadda maganar za ta fito, irin ta wanda aka kayar yana zagin kamfani. Na haɗiye ta da shayin.

Tun daga nan ba wanda ake maraba da shi a ɗakin kamar ni. An janye doka, an ba ni tsakiyar benci, kowa yana son ya fara da ni don ya ɗumama hannu. Matata ta ce Yaya yana yabon haƙurina.

Na'urar shagona kuwa ban bari ta sabunta kanta ba. Tsohon wasan yana nan a cikinta, kuma duk lokacin da na kunna sai ta rubuto tambaya, in sabunta yanzu ko daga baya. Na san in ina son koyon sabon lokacin dole in yarda, kuma in na yarda tsohon ya tafi, ba a dawo da shi. Na kuma san duk bugun da nake yi a tsohon yana ƙara kafe yatsana, Lahadi ta ƙara yi mini muni. Duk da haka, da shago ya yi shiru sai in danna daga baya, in saki guduma a kan mayaƙan da na'ura ke tuƙawa, tana sauka daidai, ba mai gani sai madubi.

Ranar wata Alhamis Tela ya zo aski. Na yafa masa ƙyalle, na gama gefe ɗaya, sai ya hango tambayar a talabijin. Ya ce ashe shi ya sa ba na ci gaba, ya miƙa hannu daga ƙarƙashin ƙyallen zai danna mini, wai taimako. Na riga shi ɗauke fad ɗin, injin aski yana kuka a ɗaya hannuna.

"Yaya, bar shi," na ce. "Ga fad na biyu can. Ka ɗauki Maƙeri, ni ma in ɗauki Maƙeri, a tsohon nan. Ƙarfi ɗaya, guduma ɗaya. Zagaye ɗaya kawai nake roƙo."

Na sha roƙonsa wannan a da, yana cewa shi ba ya taɓa kayan zalunci. Yau bai ce haka ba. Ya dube ni ta madubi, rabin kansa a aske, da irin kallon da ake yi wa mara lafiya.

"Wa ke buga wannan yanzu, ƙanina? To ka ci ni. Wa za ka faɗa wa?"

Na ajiye fad ɗin a kan teburin reza. Na karkatar da kansa da yatsa biyu, na ci gaba da ɗaya gefen.